Ja Numfashi, Riƙe

Ɗakin aikina ba shi da taga.
Shekara sha shida ina ɗaukar hoton ƙirji
a wannan asibiti na Sakkwato,
da magana uku nake cin abinci:
ja numfashi, riƙe, saki.

Ran Talata, zafi na narka kwalta,
su biyu suka shigo, gardama tun daga baranda.
Arzika tela, na Tsohuwar Kasuwa,
yatsu biyu sun rine kamar ya taɓa lalle,
kwali guda a yini tun yana yaron shago.
Nomau ɗan kabu-kabu, na Runjin Sambo,
ido ja, dariya kusa da baki,
shi ganye yake naɗawa in an watse daga isha'i.

Nomau ya ce, "Malam, raba mu.
Nawa tsiro na, daga ƙasa ya hito.
Tashi kau, ko kwalin ya hwaɗi tana kisa."
Arzika ya ce, "Taba a sama ta tsira?
Tawa da auduga a gindi, tana tace—"
Tari ya karɓe sauran maganar.

Na jingina shi da farantin ƙarfe.
Ja numfashi.
Ya ja, kamar mai jan guga a rijiya gaba goma.
Riƙe.
Ban ƙirga uku ba ya sake.
Sau biyu muka maimaita.

Nomau kuwa ya ja, ya riƙe, ya riƙe,
sai da na ce ya isa.
"Wanga ai aikina na, Malam,
kowane dare haka nika yi."
Ya yi dariya. A ƙarƙashin dariyar
wani abu na kuka kamar ɗan kyanwa a buhu.

Hoto ya fito.
Huhun Arzika ya kumbura, ya yi duhu,
zugazugin da fatarsa ta saki:
iska ta shiga, ta rasa mai koro ta.
Can sama ta dama, wani tabo kamar gujiya.
Na gani. Faɗa ba hurumina ba ne.
Na Nomau da sauƙi a ido,
sai dai hanyoyin iska sun yi kauri
kamar indararon da laka ta liƙe.

Likita Luba ta ɗaga su ga fitila, ta daɗe.
Ta ce, "Taba, mun san littafin bashinta,
mun ƙirga, mun binne, muna kan ƙirgawa.
Wiwi, ba a gama lissafinta ba.
Amma rashin gama lissafi ba yafe bashi ba ne.
Kai ba ka tacewa, ka ja har ƙasa, ka tsare shi a ciki.
Majinar asuba daga ina kake zato?
Huhu bai san sunan ganye ba,
abin da ya ƙone ya sani."

Sai ta tambaya, ba ta ko ɗago kai ba,
"Da me kake gauraya shi?"
Nomau ya dubi silin.
Arzika ne ya amsa, da guntun numfashi:
"Kara biyu yake roƙo gare ni kullum,
ya murje a ciki."

Ba wanda ya yi dariya.

Daga baranda na hango su a bakin ƙofa.
Nomau ya ɗora abokinsa a babur,
takardar gwaji na gaba a aljihun tela,
ya ja a hankali, shi da ba ya barin mota ta wuce shi.

Na koma ɗaki, na goge farantin.
A aljihun farar rigata
kara ɗaya na jiran a tashi aiki.
Shekara sha shida ina ce wa mutane riƙe,
ban taɓa zagayawa
na jingina nawa ƙirjin ba.